Yadda Ake Ɗura Harsashin .30-30 Da Hannu Har Saiti Ya Zauna

Wanda ya taɓa ganin maharbin karkara yana ɗura harba-ruga, ya zuba albarushi, ya danna tsumma, ya bi da dalma, to ya ga kakan wannan sana'a. Sai dai a Amurka, inda doka ta yarda maharbi ya sake cika kwanson harsashinsa a gida, ba a aiki da kintace, sikeli da littafi ake bi. A Nijeriya kuwa haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba, laifi ne, don haka zancen na can ne.

Harsashin .30-30 Winchester ya fito a 1895, domin bindigar Model 1894 da John Browning ya zana, irin mai mariƙi a ƙasa da ake turawa gaba a dawo da shi ta ɗana kanta. Talatin ɗin farko faɗin kan harsashin ne, wato inci .30, na biyun kuma giren 30 na albarushi marar hayaƙi. Giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna albarushi da kan harsashi da shi. Kada wannan ya ruɗe ka ka auna giren 30 na duk abin da ka samu. Albarushi iri-iri ne, kowanne da ma'auninsa.

Fara da zaɓen kan harsashi, domin nan ne haɗarin yake. Ita wannan bindiga, da 'yar'uwarta Marlin 336, a cikin dogon bututu ƙarƙashin hanci suke jera harsasai, kan na baya yana tokare da gindin na gaba, daidai kan ɗan maɓallin wutar da ake kira firama. In kan mai tsini ne, girgizar harbi kaɗai tana iya tayar da na gaba a cikin bututun. Saboda haka mai faffaɗan baki ko mai dunƙulallen baki ake sawa, faɗin inci .308, nauyin giren 150 ko 170. Kamfanin Hornady yana da mai tsinin roba mai laushi, giren 160, wanda aka yi musamman saboda wannan matsala.

Sai kwanso. Wanke shi, ka duba wuyansa da gindinsa a haske. Na .30-30 siriri ne, kuma da yake makullin da ke riƙe harsashi lokacin harbi a irin wannan bindiga a baya yake, kwanson yana miƙewa kaɗan a kowane harbi. In ka ga wani zobe mai ƙyalli sama da gindi, jefar da shi, ya kusa rabewa biyu. Waɗanda suka tsira ka shafa musu mai kaɗan, ka matse su gaba ɗaya su koma girmansu na asali. Matse wuya kaɗai, yadda masu wasu bindigogi ke yi, a nan yakan sa mariƙin ya ƙi rufuwa.

Yanzu ga inda na fi so ka ɓata lokaci. Auna tsawon kowane kwanso. Iyakarsa inci 2.039, ana kuma datse shi zuwa 2.029. Abin da ake nema su zama tsawo ɗaya, domin a ƙarshe za ka danne bakin kwanson cikin ɗan tsagin da ke jikin kan harsashi, don kada ya nutse ciki saboda turin da yake sha a bututu. In wani ya fi wani tsawo, wani zai kamu tam, wani sakwa-sakwa, wutar ba za ta tashi iri ɗaya ba. Ni da na raina wannan mataki, na daɗe ina zargin albarushi, ashe laifin na wuyan kwanso ne.

Sa firama samfurin da ake kira ta babbar bindiga (large rifle), ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso. Albarushi kuwa, IMR 3031 da H4895 da Winchester 748 duk sanannu ne a wannan harsashi. Buɗe littafin ma'auni na kamfanin, ka fara daga mafi ƙarancin abin da ya rubuta, ka riƙa ƙara rabin giren, kada ka wuce iyakarsa. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur. Cika biyar-biyar na kowane ma'auni, ka rubuta a jikin kwalin. Tsawon harsashi duka kada ya wuce inci 2.550, in ba haka ba zai maƙale wajen hawa.

A filin gwaji kafa allo a yadi 100. Kada ka ɗora hancin bindigar a kan buhun yashi. Katakon gaba za ka ɗora, kusa da cikinta, tafin hannunka a ƙarƙashi. Harba uku, ka tashi ka sha ruwa. Hancin yana ɗaure da bututun harsashi da wani zoben ƙarfe, da ya yi zafi sai ramukan su fara hawa sama a jere, mutum ya ɗauka ɗurin ne bai yi ba.

In uku sun taru cikin inci biyu zuwa uku, wannan ya ishi barewa a tazarar da ake farauta da wannan bindiga. Sau da yawa ma'aunin da ya fi taruwa yana ƙasa da iyaka, ba a kanta ba. In mariƙi ya fara tauri wajen buɗewa, tsaya nan, ka koma baya. Wanda ya fi kyau ka sake cika goma irinsa, ka dawo wata rana da sanyin safiya ka gwada harbin farko da hanci mai sanyi, tunda shi barewa za ta gamu da shi.