Yadda Tsohon Ma'aikacin Jirgin Ruwa Zai Koma Teku a Matsayin Fasinja

Wanda ya shekara talatin yana gadin sa'a huɗu, hutun sa'a takwas, a kan jirgin dakon kaya ko na mai, idan ya yi ritaya ba tekun ne ya gundure shi ba. Aikin ne ya gajiyar da shi. Shi ya sa da yawansu, bayan shekara ɗaya ko biyu a tudu, zuciya kan fara raya musu su sayi tikitin jirgin ruwa na shaƙatawa. Shawara ce mai kyau, amma tana da nata shiri, domin sanin teku daban, iya zaman fasinja daban.

Fara da zaɓen tafiyar, ba jirgin ba. Yawancin tafiye-tafiyen mako guda a Bahar Rum ko tsibiran Karibiyan, da dare ake tafiya, gari na wayewa an ɗaure a wata tasha. Wannan ya dace da mai son yawon birane. Kai da kewar ruwan kansa ta kawo ka, nemi tafiya mai kwanaki da yawa a tsakiyar teku. Akwai jiragen da ake mayarwa daga Karibiyan zuwa Turai wajen watan Afrilu, su komo wajen Oktoba ko Nuwamba. Tsallaka Atilantika ke nan, kwanaki a jere ba tudu, kuma kuɗin kowane dare yakan fi sauƙi. Sai dai tafiya ce ta zuwa kawai, tikitin jirgin sama na komawa yana wuyanka. Akwai kuma jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda tun 2004 yake zirga-zirga tsakanin Southampton da New York, kusan dare bakwai kowace tsallakawa. An ƙera shi ne don ya keta igiyar Arewacin Atilantika, kuma tsohon ma'aikaci zai ji bambancin a tafin ƙafarsa. Wanda hayaniyar manyan jirage ba ta yi masa ba, ya duba hanyar Hurtigruten a gaɓar Norway, daga Bergen zuwa Kirkenes, tasha 34. Jiragen na ɗaukar kaya tare da mutane, kana tsaye a bene kana kallon ana lodi da saukewa. A ganina wannan ya fi kusa da rayuwar da ka sani fiye da katafaren jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, mai tsawon mita 365, mai ɗaukar fasinja sama da 7,000 idan ya cika maƙil.

Daga nan sai takardu, kuma a nan ne gwanaye suka fi tuntuɓe. Littafinka na ma'aikacin jirgi, wanda ya buɗe maka ƙofofin tashoshi shekara da shekaru, ba ya aiki yanzu. Bizar C1/D ta Amurka ta ma'aikata ce. Fasinja na buƙatar bizar baƙi, B1/B2 ko B2, sai in ƙasarsa tana cikin waɗanda aka ɗauke wa. Da, wakilin kamfani ne ke ɗawainiyar duk wannan kana can kana aikinka. Yanzu kai ne wakilin kanka. Ɗauki jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kamfanin jirgin a rubuce wace biza kowace ƙasa ke nema, har da wadda ba ka da niyyar sauka a cikinta, domin akan hana mutum hawa tun daga tashar farko saboda biza ɗaya da ta yi ƙaranci. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Kada ka tsallake inshorar tafiya. Akwai likita a jirgi, amma ganinsa da kuɗi ne, ba kamar lokacin da lafiyarka take wuyan mai jirgi ba. Ka tabbata inshorar ta ƙunshi kwashe mara lafiya daga jirgi zuwa asibiti da mayar da shi gida, kuma ka faɗi gaskiya game da hawan jini ko ciwon suga idan akwai. Magunguna su zauna a jakar hannu, da rarar wasu kwanaki, don babbar jaka takan yi sa'o'i kafin ta iso ɗaki.

Zaɓen ɗaki ba sai an koya maka ba: tsakiyar jirgi, bene na ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi. Amma ka zaɓa don wanda zai raka ka, ba don kanka ba. Matar da ta yi shekaru tana jiran dawowarka wataƙila wannan ne hawanta na farko, kuma tashin zuciyar da kai ka manta da shi tun kana saurayi, ita yanzu za ta san shi.

Ranar hawa za a kira kowa atisayen ceto. Tun bayan hatsarin jirgin fasinja Costa Concordia a Janairun 2012 aka gyara SOLAS, dokar duniya ta kare rayuka a teku, ya zama dole a yi wa fasinja wannan bayani kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ka san ƙarar gargaɗin, gajeru bakwai da doguwa ɗaya, ka ji ta sau ɗaruruwa. Duk da haka je wurin taruwarka, ka saurari yarinyar da ba ta kai shekarun 'yarka ba tana nuna yadda ake ɗaura rigar ceto. Kowane jirgi da tsarin hanyoyinsa, kuma idan abu ya faru, umarnin ma'aikatan wannan jirgin za a bi, ba naka ba.

Wannan shi ne mataki mafi wuya a duk tafiyar: sauke aikin daga kafaɗa. Hali zanen dutse. Idonka zai hango tsatsa a jikin ƙarfe, kunnenka zai ji sautin inji ya sauya, hannunka zai yi ƙaiƙayi ganin yadda aka naɗe igiya. In ka ga abin da ke da haɗari na gaske, kamar ƙofar wuta da aka tokare a buɗe, faɗa wa teburin kula da baƙi cikin natsuwa. Sauran kuwa ka bar wa masu shi. Kada kuma ka nufi ɗakin tuƙi ko ɗakin inji da sunan tsohon abokin sana'a. Tun da dokar tsaro ta ISPS ta fara aiki a 2004, wuraren nan a rufe suke ga wanda ba shi da izini. Wasu jiragen na sayar da zagayen cikin gida, inda ake kai mutane ɗakin tuƙi da ɗakin kula da inji. Yi rajista da wuri, gurbin kaɗan ne. Idan kai injiniya ne da ya saba da babban inji ɗaya mai juya farfela kai tsaye, za ka so ganin yadda janaretoci ke samar da lantarki, lantarkin ya juya farfelar da ke rataye a ƙarƙashin jirgi tana waiwayawa ko'ina, har jirgin kan matsa jikin tasha ba tare da jirgin ja ba.

Ma'aikatan da ke gyara maka gado da kawo maka abinci, da yawansu suna kwangilar wata shida zuwa tara nesa da iyali. Babu fasinjan da ya fi ka sanin nauyin wannan. Yawancin kamfanoni na ɗora tukuicin ma'aikata a kan lissafinka kullum. Sa shi cikin kasafinka tun daga gida, kada ka je a cire. Ka san sunayensu, ka tambaye su saura wata nawa.

In an sauka a tasha, bi agogon jirgi, ba na gari ba, domin wani lokaci sukan bambanta, kuma waya kan sauya lokaci da kanta. Jirgi na jiran motar yawon da shi ya shirya, amma ba ya jiran wanda ya fita don kansa ya makara. Ɗauki lambar wakilin jirgin na wannan tashar, tana cikin takardar shirin rana.

Jikinka kuwa zai tashe ka ƙarfe huɗu na asuba, ko ka so ko ka ƙi. Kada ka yi ta juyi a gado. Sa rigar sanyi, fita bene ta ɓangaren da iska ba ta bugawa, inda aka saba saukar wa ɗan jagora tsani, wato mutumin da ke hawowa ya shigar da jirgi tasha. Idan ranar shiga tasha ce, za ka ga fitilar ƙaramin jirgin ɗan jagora, fara a sama ja a ƙasa, tana tahowa cikin duhu, ka tsaya ka kalle shi yana hawowa.