Yadda ake aiki da Bodoni da Didot a katin biki da allon shago

Rabin aikin shagona a Zango katin gayyata ne, kuma duk amaryar da ta ce a yi mata rubutu "irin na manya", Bodoni ko Didot take nufi ko da ba ta san sunansu ba. Salon haruffan bugawa ne masu ƙafa, wato ƴan gajerun layuka a ƙarshen kowace sanda: sandar tsaye kakkaura, layin kwance da ƙafafun kuwa sirara ƙwarai. Wanda ya riƙe alƙalamin kara a makarantar allo ya san yadda layi ke kauri ya sirance, to a nan an kai abin matuƙa. Firmin Didot ya sassaƙa nasa a Paris wajen 1784, Giambattista Bodoni kuma a Parma ta Italiya, ya rasu a 1813. Sunan mujallar Vogue ma da irinsu aka rubuta shi.

Da farko ka ba su girma. Sunan ango da amarya, daga girman rubutu lamba 24 zuwa sama, da sarari a kewaye, nan suke fito da kyansu. Wurin ɗaurin aure, lokaci da lambar waya kuwa, sa su da harafi marar ƙafa kamar Arial. Idan ka ƙanƙanta Bodoni, siraran layukan kan ɓace, dattijon da aka kai wa kati a Birni sai ya nemi jikansa ya karanta masa.

Sai takarda. Mai santsi suke so, da inji mai fitar da layi tsaf. Kwali mai kaushi yana kakkarya siririn layi, fotokofi kuma ya ƙarasa shi. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne farin rubutu ko ruwan zinare a kan kore mai duhu, wanda ƴan mata ke so yanzu, domin tawada na malalowa ta cinye layin. In dole ne, zaɓi mai kauri daga cikin dangin harafin, ka buga ɗaya ka duba kafin ka saki sauran. Wanda za a tura ta WhatsApp, tura wa kanka tukuna ka gani a waya, don yakan matse hoto.

Allon bakin titi kam ba na yarda, ko mai shago ya nace. Ɗan kabu-kabu da ke wucewa sanduna kawai zai gani, kuma in leda aka yanka aka liƙa, siraran wuraren ne rana da ƙurar hunturu ke fara ɓamɓarewa. Cikin shagon turare ko na ɗinki, inda ake tsayawa a karanta, babu laifi.

Kafin ka fara tsara komai, buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, har da é da ç tunda katinmu kan haɗa da Faransanci. Da yawa cikin ire-iren Bodoni da Didot ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro daga wani salon rubutu ba ta faɗa maka ba. Ƙara girman kalmar ƙauna ka dubi ƙ ɗin: in kaurinta bai yi daidai da na sauran ba, canja salon rubutun.