Yadda za ka ajiye sakamakon umarni cikin fayil a Linux

Salamu alaikum 'yan uwa ɗaliban kwamfuta na nan Madina. Masu ɗaukar hoton allo da waya su turo zaure, ku huta hakanan. Rubuta ls -l > jeri.txt, sakamakon ls -l, wato jerin fayilolin da ke wurin, zai shige fayil ɗin jeri.txt maimakon allo. Amma a kula, > guda ɗaya share abin da ke ciki yake yi, ko tambaya babu. In ƙari kake so a ƙasa, sa biyu: >>.

Saƙon kuskure kuwa ƙofarsa daban, lamba 2, shi ya sa yake maƙalewa a allo. In kana so shi ma ya shiga fayil, ƙara 2>&1 bayan sunan fayil, ba gabansa ba, in ba haka ba aikin banza ne. Mai son yana gani yana ajiyewa, ls -l | tee jeri.txt ya ishe shi.