Yadda ake karanta zanen adon gini na Turai na ƙarni na 18

Wanda ya fara ganin irin waɗannan takardu, ko a gidan tarihi ko a intanet, yakan yi gaggawar tambayar ma'anar kowace fure da kowane tsuntsu. Gara ya dakata, domin yawancinsu takardun aiki ne da mai tsara gini ya yi wa masassaƙi ko mai filasta ko mai gidan da zai biya kuɗi.

Matakin farko shi ne a gane abin da aka zana: bango ne, ko silin, ko ƙofa, ko murhun ɗumama ɗaki. A nemi layin ma'auni a ƙasan takarda, kuma a lura cewa ƙafar da Faransawa ke awo da ita a wancan zamani ta kai kusan santimita 32.5, ta ɗara ta Ingila wadda ba ta wuce 30.5 ba. Inda aka shafa ruwan hoda, galibi kaurin bango ake nunawa kamar an yanka shi, inuwa kuwa ana sa ta ne kamar haske ya fito daga sama ta hagu, don a san abin da ya ɓullo da abin da ya lotsa.

Daga nan sai a raba takardar gida biyu da ido. Sau da yawa za a tarar hagu da dama ba su yi daidai ba, wannan kuma ba kuskure ba ne, shawara biyu ce aka haɗa a takarda guda domin mai gida ya zaɓa. Amma a nan akwai tarko, domin salon Rokoko, wanda ya bunƙasa a Faransa wajen 1730 a hannun masu zanen ado irin su Juste-Aurèle Meissonnier da Nicolas Pineau, da gangan yake karkata, da ƙumba irin ta bakin teku da ganyaye masu murɗewa. Idan layin tsakiya ya yanke adon tsaf, zaɓi biyu ne. Idan kuwa reshe ya tsallaka ya cika wancan ɓangare, tsari ɗaya ne. In bugu ne daga farantin tagulla, a tuna cewa mai yiwuwa hoton ya juya.

Mataki na uku shi ne a ƙiyasta zamani daga siffa. An fara haƙo garin Herculaneum a 1738, Pompeii kuma a 1748, dukansu tsofaffin garuruwan Rumawa ne a Italiya, daga baya sai miƙaƙƙun layuka da tuluna da ƙoƙon kan bijimi irin na wuraren bautar Rumawa suka kori murɗe-murɗen Rokoko. Zanen silin na Robert Adam, mai tsara gini ɗan Birtaniya wanda dubban zanensa ke ajiye a gidan tarihi na Sir John Soane a Landan, su ne misalin da ya fi sauƙin samu.

Sai yanzu ne za a taɓa ma'ana, kuma ɗakin da aka yi wa adon shi ne jagora. Damin kayan kiɗa da aka ɗaure da ƙyalle yana nuna ɗakin kiɗa. Inabi alamar Bacchus ce, gunkin giya na Rumawa, don haka ya dace da ɗakin cin abinci, haka ma ƙahon farauta da tsuntsayen da aka harbo. Tattabaru da kwari da baka na Venus, gunkiyar Rumawa, da ɗanta ne, wato soyayya, shi ya sa suka fi yawa a ɗakin kwana. Idan hoton mutum ne riƙe da wani abu, kamar mace mai sikeli, a duba Iconologia, littafin ma'anar alamomi na Cesare Ripa, wanda ya fara fitowa a 1593, domin masu zane sun daɗe suna ɗiba daga cikinsa.

A ganina, ƙumbar Rokoko da ganyen da ke zagaye madubi yawanci ado ne kawai, sai fa in sun zo tare da tambarin iyali ko haruffan sunan mai gida, wanda su kam ya kamata a bi diddiginsu.