Yadda zaka adana na'urar gashin nama mai felet kada ruwa da sanyi su kashe maka ita

'Yan uwa mazauna Amurka da Kanada da suka sayi irin na'urar gashin nan mai amfani da felet, wato 'yan ƙananan dunƙulen garin katako da take ƙonawa, irin su Traeger da Pit Boss da Camp Chef, dan Allah ku ba ni aron kunnuwanku, saboda abin yana min ciwo in ga mutum ya zuba ɗaruruwan daloli ya sayi abu, ya yi gashin naman layya da shi mai daɗi kowa yana santi, sannan ya jefa masa murfi ya bar shi a bayan gida har sanyi ya wuce, ranar da ya tashi kunnawa kuma abu ya ce bai san zance ba.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shine wannan ba murhun gawayi bane da zaka yar a tsakar gida. Inji ne. Wani mutum Joe Traeger a jihar Oregon ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1986, kuma tun lokacin tsarin bai canza sosai ba: akwai akwatin da ake zuba felet, a ƙasansa akwai dogon ƙarfe mai murɗi irin na cikin injin markaɗe da yake tura felet ɗin kaɗan kaɗan zuwa wani ɗan kofin ƙarfe inda wuta take ci, akwai ƙarfen da ke yin ja ya kunna wutar, ga fanka, ga ɗan allon kwamfuta da ke lura da zafi. Duk waɗannan ba sa shiri da ruwa. Amma wanda ya fi kowa tsoron ruwa a cikinsu shine felet ɗin kansa.

Felet garin katako ne kawai aka matse shi da ƙarfi. Da ya sha danshi sai ya kumbura ya farfashe ya koma gari, in ya sake bushewa a cikin bututun da ƙarfe mai murɗin nan yake ciki kuwa sai ya daskare ya yi tauri ya riƙe ƙarfen gam, kana kunnawa injin ya yi ta gurnani ba ya juyawa, wani lokacin ma ya ƙone. Fitar da shi sai ka kwance akwatin gaba ɗaya ka zauna da guduma da sukurdireba kana sassaƙa. Kuma ba sai ruwan sama ya zuba a ciki ba fa, laimar iska kaɗai ta isa, wanda yake zaune a Houston ko Atlanta ya san me nake nufi. Dan haka in har zaka yi fiye da sati ɗaya ko biyu baka yi gashi ba, kwashe felet ɗin tas. Yawancin sababbin suna da 'yar ƙofa a bayan akwatin ko a ƙasa, ka tara bokiti ka buɗe. In naka ba shi da ita ka kwashe da kofi. Bayan nan sai ka kunna ka bar shi ya cinye ragowar da ke cikin bututun har wuta ta mutu da kanta, wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, alhali matsalar a nan take kwana.

Felet ɗin da ka kwashe da wanda ya rage a buhu ka juye su a bokitin roba mai murfi da ke rufuwa ruf, bokiti mai galan 5 yana ɗaukar kusan buhu ɗaya mai nauyin fam 20. Ka ajiye a cikin gida ko gareji, kuma kada ka dire buhu a kan siminti kai tsaye dan siminti yana jan danshi, sa katako a ƙasa. In kana shakka ko ya lalace ka ɗauki ɗaya ka karya, mai kyau yana sheƙi kuma zaka ji ya ce ƙas, wanda ya sha laima kuwa ya dushe, kana matsawa ya murmushe a hannunka. Irin wannan zubarwa ake yi, kada ka ji asara.

Sai toka. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tace ruwan toka dan miya ya san kaifinsa, toh haka tokar da ka bari a kofin wuta take yi in ta haɗu da raɓa, cin ƙarfe take a hankali har ta huda shi, ta lalata abin kunna wutar ma. Ka bari na'ura ta huce sarai, zai fi kyau ta kwana, ka cire waya daga soket, ka ɗaga raga da faranti mai tare kitse da ƙarfen da ke kan wuta, ka zuƙe tokar da injin shara irin na gareji. Kada ka kuskura ka zuƙi toka mai ɗumi, kuma kada ka sa tiyo ka ce zaka wanke ciki.

Maiƙo ma haka. Ka kankare farantin, ka canza takardar aluminiyam ɗin da ke kai, ka juye ɗan bokitin kitse da ke rataye a gefe ka wanke, ka leƙa cikin bututun hayaƙi ka goge. Dalili biyu ne, na farko tsohon maiƙo shi ke kawo gobara ranar da ka ƙure wuta, na biyu kuma ƙamshinsa shi ke kiran ɓeraye, kuma ɓera in ya samu wuri a lokacin sanyi sheƙa yake yi a ciki ya ciccije wayoyi. In ragarka ta baƙin ƙarfe ce ka shafa mata man girki sama sama kafin ka mayar.

Yanzu ne za a zo maganar murfi, wato rigar da ake lulluɓe na'urar da ita. Ni dai shawarata ka sayi wanda aka ɗinka daidai da samfurin naka, mai kauri, mai igiya ko maɗauri a ƙasa saboda iska, kuma mai 'yan kafofin shan iska. Leda da tamfol ɗin da ake naɗewa har ƙasa a ɗaure tamau sun fi rashin murfi illa wani lokacin, dan zufa suke tarawa a ciki, ka buɗe ka tarar da tsatsa da funfuna. Kada ka rufe na'ura tana da zafi, kada ka rufe ta tana jiƙe. In an yi ruwa kwana biyu rana ta fito, yaye murfin ta sha iska.

Wurin ajiya kuma, in da hali gareji ko ɗakin ajiya yafi komai. Amma ajiya kawai na ce, wallahi kada ka kunna ta a cikin gareji ko da ƙofa a buɗe take, iskar da take fitarwa ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa. In dole a waje zata zauna, nemi ƙarƙashin rumfa, kan siminti ko dakali, ba kan ciyawa ba, ba kuma daidai inda indararo ke zuba ba. Ka taka birkin tayoyin. Ka naɗe wayar ka ɗaga ta daga ƙasa. Dusar ƙanƙara in ta taru a kai ka share da tsintsiya kafin ta narke ta sake daskarewa, kuma ka nisanta ta da gishirin da ake watsawa a hanya dan narkar da ƙanƙara.

Masu son ci gaba da gashi cikin sanyi, akwai bargo na musamman da ake sayarwa wanda ba ya cin wuta, yana riƙe zafi ya rage maka cin felet, shi daban murfin ajiya daban, kuma in gari ya yi ɗumi cire shi ake yi. Soket ɗin waje ya zama irin mai katse wuta da kansa in ruwa ya taɓa.

Wanda kuma ya yi lodin tasa zuwa Kano ko Yamai, ka tuna na Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 suke sha, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta. Can damina ce zata kumbura maka felet, ƙurar hunturu kuma ta cika fanka, ranar bazara ta cinye murfin ta dusar da allon, dan haka inuwa dole ce.

In ka ga ɗigon tsatsa a jiki kada ka jira, goge da sanfefa ka fesa fenti mai jure zafi, a waje kawai banda ciki inda nama ke zama. Ranar da zaka dawo da ita aiki kuma ka duba wayoyi ko ɓera ya taɓa, ka leƙa bututun hayaƙi ko zanzaro ya yi gida, ka zuba sabon felet ka ƙure mata wuta ita kaɗai kamar minti 30 kafin ka ɗora nama.