Yadda Ake Koyon Zanen Dutse, Kogi da Gona ta Hanyar Kallo

Ka ba yaro fensir ka ce ya zana dutse, layi biyu zai ja su haɗu a sama, ya ɗora rana a gefe. Babba ma abin da zai yi ke nan, don hannu ya saba bin hoton da ke cikin kai. To amma ka je Mindif, kudu da Marwa a arewacin Kamaru, ka tsaya ka dubi dutsen nan da ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar fili. Za ka ga yana da kafaɗa, yana da tsaga, gindinsa ya baje, wani gefen ya sha haske wani ya yi duhu. Duk aikin mai koyon zane shi ne ya hana hannunsa gaggawa har sai ido ya gama faɗa masa abin da ya gani. Ni a ganina ƙasarmu ta fi ko'ina sauƙin koyon wannan, don fili ne shimfiɗaɗɗe, duwatsu a warwatse, ga hazon hunturu da ke raba nesa da kusa.

Wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar da batun zane ya kwantar da hankalinsa: a Bukhari da Muslim an ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Dutse, kogi, gona da gajimare duk suna ciki.

Kayan aikin ba su da yawa. Fensir biyu, HB na jan layi da 2B ko 4B na duhu, reza ta fiƙewa, abin goge fensir, takarda marar layi, da kwali mai kauri ko ɗan katako da za ka ɗora a cinya. Ka haɗa da abin matse shanya guda biyu, in ba haka ba iska za ta yi ta ɗaga takardar. Ka ajiye wata 'yar takarda ƙarƙashin hannunka saboda gumi.

Abu na farko, lokaci da wuri. Ka fita da safe kafin hantsi ya yi ƙarfi, ko bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa tana komawa ƙarƙashin kowane abu, dutse ya zama kamar an shafe shi, ba ka gane tudu da kwari. Ga kuma zafi: a Garwa cikin Maris da Afrilu ma'auni yakan wuce digiri 40. Ka nemi inuwa ka zauna yadda rana za ta fito maka ta gefe, dama ko hagu.

Kafin ka zauna, ka yi sallama. In gonar mutum ce, ka ƙarasa wurinsa: "Baba, sannu da aiki. Ina neman izini in zauna nan bakin gona in zana dutsen can." In baƙo ne kai a ƙauyen, ka fara gaida jauro ko lawan. Kada ka buɗe takarda kusa da gada, bariki, shingen jami'an tsaro ko jikin madatsar Lagdo. Mutum zaune yana kallo yana rubutu a irin waɗannan wurare yana jawo tambaya, kuma da gaskiyar masu tambayar. Wajen kan iyaka, kamar Rumsiki, ka tafi da ɗan gari.

Na biyu, ka yanke abin da za ka zana. Ido yana kwasar komai, takarda kuwa ƙarama ce. Ka sami kwalin sukari, ka huda taga a tsakiya, santimita 6 a kwance, 4 a tsaye. Ka rufe ido ɗaya, ka leƙa ta ciki, ka yi ta matsar da ita har ka sami abin da ya kama ranka. Abu ɗaya zai zama babba a zanen, ko dutsen ko kukar ko lanƙwasar kogin, saura su yi masa rakiya. Kuma kada ka dasa shi a tsakiyar takarda cif, ɗan karkatar da shi gefe.

Na uku shi ne layin ido, kuma a nan zan daɗe, don a kansa komai ke tsayawa. Ka riƙe fensir a kwance daidai da idonka. Inda ya yanka filin, nan ne sama ta haɗu da ƙasa, ko da dutse ko gidaje sun rufe wurin. A filayen masakwa na wajen Marwa za ka gan shi tar, ba abin da ya tare. Ka ja shi a takarda da HB, a hankali, kafin ka zana komai. In sararin sama kake so ya yi yawa, ka sauke layin ƙasa. In gona ko ruwa ne, ka ɗaga shi. Daga nan kada ka canza zama: wanda ya fara a zaune ya ƙare a zaune, don da zarar ka miƙe layin ya tashi tare da kai. A fili shimfiɗaɗɗe, duk abin da ya fi idonka tsawo kansa zai haye layin nan komai nisansa, gindinsa kuma yana ƙasa da shi. Gwargwadon nisan abu, gwargwadon yadda gindinsa ke matsowa kusa da layin. Ka lura da kunyoyin gonar auduga in ka tsaya a bakinsu, suna tafiya suna matsewa har su nufi wuri ɗaya a kan layin.

Wannan ne ke gyara zanen kogi. Mai koyo yakan zana Binuwai kamar yana kallonsa daga jirgin sama, faɗinsa ɗaya daga gaba har ƙarshe. Ka tsaya a bakinsa a Garwa da rani, lokacin da ruwa ya ja baya yashi ya fito, ka duba da kyau. Ruwan da ke gabanka yana da faɗi, amma lanƙwasa ta biyu ta zama siririn zare a kwance, ta uku ma da ƙyar ake ganinta. Haka tsibiran yashi, a ido dogaye ne sirara, a kwance. Kogin Mayo Kaliyawo a Marwa ma, in ya bushe, wuri ne mai kyau na wannan darasi, don yashi ba ya motsi.

Na huɗu, awo. Ka miƙe hannu gaba ɗaya, gwiwar hannu ba lanƙwasa, ka rufe ido ɗaya. Ka daidaita bakin fensir da kan dutsen, ka sa babban yatsa inda gindinsa yake. Wannan shi ne mudunka. Yanzu ka kwantar da fensir ka ƙirga sau nawa tsawon ya shiga faɗin dutsen. Sau da yawa za ka sha mamaki, dutsen da kake gani dogo faɗinsa ya ninka tsawonsa sau huɗu ko biyar. Kusan kowane mai koyo yana ƙara wa dutse tsawo da tsayuwa. Gangaren ma a auna shi: karkata fensir ya bi gefen dutsen, ka sauko da hannun kan takarda ba tare da ka juya wuyan hannu ba. Sai a Rumsiki, inda ragowar tsoffin duwatsu masu aman wuta suka miƙe tsaye, awon zai nuna maka tsawo ya fi faɗi. Ka yarda da fensir.

Na biyar, manyan siffofi tukuna, da layi marar nauyi. Ba ganye, ba tsaga. Kowace bishiya da halinta, kuma halin ake kamawa. Kuka jiki ne mai kauri da gajerun rassa. Giginya sanda ɗaya ce mai ɗan kumburi a sama da tsakiya, goruba kuwa tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Darbejiyar da ta rufe titunan Marwa dunƙule ce mai duhu. Gawo kuma sai ka kula da lokaci, da rani yake da ganye, da damina ya kaɗe. In rassa sun rikita ka, bar su, ka zana siffar sararin da ke leƙowa tsakaninsu, rassan za su fito da kansu.

Na shida, haske da duhu. Ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace, sai ka ga filin ya kasu uku. Na nesa fari-fari ne, a shafa shi da gefen HB sama-sama, ba layi mai kaifi. Na tsakiya ya ɗan fi duhu. Na kusa shi ke samun 4B, da kaifin layi, da ciyawa da tsakuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana yi maka rabin aikin: duwatsun Mandara sukan jeru ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na gabansa dusashewa, har na ƙarshe ya kusa narkewa cikin sama. Wanda ya zana wannan sau biyu ko uku ya gane yadda ake sa nisa a takarda. Sararin sama da ruwa mai ƙyalli, a bar musu farin takarda.

Inuwa ba ta jira. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa guda, saboda haka ka sa 'yar kibiya a gefen takarda ta nuna inda haske ke fitowa, ka zuba dukkan inuwoyi a lokaci ɗaya. In sun matsa daga baya, kada ka bi su. Kuma kowace bishiya a ba ta inuwarta a gindi, in ba haka ba sai ta yi kamar tana shawagi.

Game da waya, ka ɗauki hoto in ka gama, don ka gwada da zanenka a gida. Amma kada ka koya daga hoton, kyamarar waya tana ƙanƙantar da dutsen nesa, tana kuma cinye bambancin duhun da idonka ke gani.

A makonnin farko ka fi yawaita ƙananan zane, huɗu a shafi ɗaya, kowanne minti biyar, ba gogewa. In hannunka ya cika son gogewa, ka koma biro. A ƙasan kowanne ka rubuta wuri, kwanan wata da lokaci, ka sa farar takarda tsakanin shafuka don 4B yana gogewa. In damina ta sauka, ka koma daidai inda ka zauna da rani ka sake zana wurin: hazo ya tafi, dutsen ya matso kusa, gawo ya kaɗe, dawa ta rufe gindin komai, sai ka sake neman layin ido daga farko.