Yadda Mai Walda a Masana'anta Yake Tsara Yininsa na Aiki

Wanda ya koyi walda a bakin titi, yana haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje, idan ya samu aiki a masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano, abin da zai fara lura da shi shi ne ƙarancin lokacin da sandar walda take yi tana ci a hannunsa. Kaso mai yawa na yinin a shiri da awo da dubawa yake tafiya, kuma wanda bai saba da haka ba yakan ga kamar ɓata lokaci ake yi, har sai ranar da aka sa shi ya yanke ɗinkin da ya yi ya sake shi daga farko.

Da safe, kafin ka taɓa inji, ka halarci ɗan taron da shugaban aiki yake yi da ma'aikata, sannan ka karɓi takardar ƙa'idar aikin da aka ba ka, wadda take fayyace irin ƙarfen da za a haɗa, da sandar da za a yi amfani da ita, da ƙarfin wutar da ya dace, da yawan zagayen ɗinki. Idan aikin a wajen ɗakin walda ne, kusa da injuna ko ma'ajiyar mai, kada ka kunna wuta sai an sa hannu a takardar izinin aikin wuta, an kuma kawar da duk abin da zai iya kamawa har nisan mita 11 ko an rufe shi da bargon da ba ya cin wuta. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko dizal kuwa, ko da ya daɗe a bushe, ba a kusantarsa da tartsatsi sai an wanke shi an auna iskar cikinsa, domin tururin da ya rage a ciki shi ne yake fashewa.

Sutura ba ta buƙatar dogon bayani: garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 12, safar hannu ta fata, takalmi mai ƙarfe a baki, da riga ta auduga mai kauri da dogon hannu. Yadin roba yana narkewa ya manne wa fata, don haka a bar shi a gida komai zafin gari.

Batun sanda ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Sandar E6013 da aka saba da ita a bakin titi tana da sauƙin kamawa, ta kuma dace da ƙarfe marar kauri, amma ginshiƙai da tankuna da duk abin da zai ɗauki nauyi galibi E7018 ake nema. Ɓawon wannan sanda yana shan danshi, danshin kuma yana shigar da iskar haidirojin cikin ɗinki, wadda kan sa ya tsage bayan ya huce, wani lokaci ma sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka da zarar an buɗe kwalinta sai a ajiye ta a akwatin ɗumamawa mai zafin kusan digiri 120, kai kuma ka ɗebi iya wadda za ka ƙone cikin 'yan sa'o'i kawai. Da damina wannan ƙa'ida ba ta da sassauci ko kaɗan. Sanda mai kaurin milimita 3.2 takan so wuta tsakanin ampiya 90 zuwa 130, amma ka gwada a kan guntun ƙarfe tukuna, domin ba kowane inji ne yake ba da abin da ma'auninsa ya nuna ba.

Daga nan sai gyaran bakin ƙarfe. Ka goge tsatsa da fenti da maiƙo har ƙarfen ya yi fari, idan kuma mai kauri ne ka fere bakin kowane ɓangare da kusurwar digiri 30 zuwa 37, ka bar 'yar tazara a tsakani don wutar ta ratsa har ƙasa. Ka ɗiga walda a wurare kaɗan don riƙe ɓangarorin, ka sake aunawa, saboda zafi yana jan ƙarfe ya karkatar da shi. Zagayen farko, wato na tushe, shi ne mafi wuya, kuma a aikin bututu, irin na gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, a kansa ake gane gwanintar mutum. Bayan kowane zagaye ka kankare kashin waldan, wato dattin da yake daskarewa a kan ɗinkin, da guduma da burushin waya kafin ka ɗora na gaba, don abin da aka binne a ciki hoton gwaji da ake ɗauka don ganin cikin ɗinki zai fito da shi, mai duba aiki kuma ba zai sa hannu ba.

Hayaƙin walda abu ne da masu sana'ar da yawa suke rainawa, alhali tun 2017 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan Adam. Ka tsaya ta yadda iska za ta ɗauke shi daga fuskarka, ka kunna fankar zuƙe hayaƙi, ka kuma yi hattara da ƙarfen da aka shafe da zinki, wanda hayaƙinsa yake kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare. Madarar da wasu suke sha bayan aiki ba ta tsare huhu daga komai.

Idan lokacin tashi ya matso, ka daina walda da wuri, domin wajibi ne wani ya tsaya yana lura da wurin na aƙalla minti 30, wasu masana'antun ma awa guda suke sharɗantawa, saboda tartsatsin da ya faɗa cikin tsumma ko ƙura yana iya daɗewa yana cin ciki kafin ya tashi. Ka kashe inji daga makunninsa, ka rufe tukwanen gas ka bar su a tsaye a ɗaure, ka mayar da ragowar sanda akwatinta, sannan ka rubuta lambarka a gefen ɗinkin da ka yi idan tsarin wurin ya tanadi haka. In kuma cikin dare ka ji idanunka suna zafi da hawaye kamar an zuba yashi, hasken walda ne ya ƙone su, sai ka sanar da shugaban aiki da safe ka je asibiti, kada ka ɗiga musu wani abu da likita bai rubuta ba.